Tufafi, Takalma, Kayan Lantarki ko Tangaram: Da Wane Gwanjo Ya Kamata a Fara Sayarwa ta Intanet?

Wanda ya ƙudurta zai riƙa tsinto kayan gwanjo yana ɗora su a intanet daga ɗakinsa, abin da ke fara tsaya masa a rai shi ne da wane kaya zai soma. Shagon gwanjo ya tara komai: riguna a rataye, takalma a jere, tsofaffin wayoyi a cikin kwali, farantai da littattafai a kan kanta. Kowanne kuma in ka kwatanta farashinsa da wanda ake sawa a intanet sai ka ga kamar riba ce kwance. Wannan tazarar ce ke rudar masu farawa. Kafin ta zama kuɗi a hannu, la'ada ta ci nata, kuɗin aike ya ci nasa, kayan da suka yi kwantai su ma sun ci. Don haka zaɓen kaya ba a yin sa da girman tazara. Ana yin sa ne da yadda mutum zai iya gano aibin kaya tun yana hannunsa a shago, da kuma yadda kayan za su isa ga mai saye lafiya ba tare da dako ya cinye ribar ba.

Abubuwan da za a auna

Na farko jari. Ba yawansa kaɗai ba, har da a kan kaya nawa zai bazu. Kuɗin da zai sayi riguna talatin ba lallai ya sayi waya ɗaya mai kyau ba. In riga biyar suka ƙi fita cikin talatin, sauran za su rufe. In wayar nan ɗaya ta zamo matacciya, uwar kuɗi ta tafi.

Na biyu sauƙin duba aibi. Yawancin shagunan gwanjo ba sa karɓar kaya in an fita da su, don haka mintunan da ka yi kana jujjuya abu a hannu su ne duk kariyar da kake da ita.

Na uku nauyi da girma. Kamfanonin jigila da yawa ba sikeli kaɗai suke bi ba. Suna ninka tsawon kwali da faɗinsa da tsayinsa a santimita, su raba da 5000, abin da ya fito su ɗauke shi a matsayin kilo, sannan su caji wanda ya fi yawa tsakaninsa da ainihin nauyin. Kwali mai santimita 40 da 30 da 30 zai tashi kilo 7.2, ko da fitilar da ke ciki kilo 2 ce kawai.

Na huɗu saurin fita. Hanya mafi sauƙi ta auna shi ita ce a duba abin da aka riga aka sayar, ba abin da aka ɗora ba. A eBay, ɗaya daga cikin dandalin saye da sayarwa na intanet, akwai wurin tace sakamako ya nuna kayan da aka sayar cikin kwana 90 da suka wuce. In abu yana da guda 200 a ɗore amma 20 kawai aka sayar, naka zai daɗe yana jira. In 50 ne a ɗore an sayar da 80, kasuwarsa na ci.

Sai juriyar ajiya, da haɗarin a dawo maka da kaya ko a kama ka da jabu ba ka sani ba.

La'adar da dandalin sayarwa na intanet ke cirewa ta shafi kowane kaya, gara a gama da ita a nan. eBay na cire kusan kashi 13 cikin 100 a yawancin rukunan kaya, kuma lissafin ya haɗa har da kuɗin aike da mai saye ya biya. Poshmark na cire kashi 20 a kayan da suka wuce wani ɗan ƙaramin farashi. Etsy na cire kashi 6.5 ban da kuɗin ɗorawa da na karɓar biya, kuma ba ta yarda a sayar da tsohon kaya ba sai ya kai shekara 20. Vinted ba ta cajin mai sayarwa wanda ba kamfani ba, mai saye ne ke biyan kuɗin kariya. A Facebook Marketplace in ciniki hannu da hannu ne babu la'ada. Waɗannan ƙa'idoji suna sauyawa, kuma ba kowane dandali ke aiki a kowace ƙasa ba, don haka a karanta na yanzu kafin a sa farashi.

Ga yadda lissafin yake a aikace, kowane irin kuɗi ake amfani da shi. A ce ka sayi abu a 30, ka sayar a 100. La'ada 13, aike 15, leda da kwali da salatif 3. Saura 39. Amma in cikin kowane biyar da ka saya ɗaya na yin kwantai, ribar kowane guda da ya fita ta sauko zuwa 31 da rabi. Wannan kuma kafin a sa wanki, kuɗin mota da lokacin ɗaukar hoto.

Tufafi

Nan ne ƙofa mafi faɗi, shi ya sa ta fi cunkoso. Jari kaɗan ya isa, kayan ba sa fashewa, riga mai gajeren hannu ba ta cika wuce giram 200 ba, wandon jins kuma yakan tsaya ƙasa da kilo ɗaya. Leda mai ƙwari ta wadatar wajen aike.

Dubawa ba ta da wuya in an san inda aibi ke ɓuya. A ɗaga rigar a gaban haske, ƙananan hudojin da asu ya yi a ulu nan take za su bayyana. A duba cikin wuya da hammata, nan ne gumi ke barin tabo mai ruwan ɗorawa wanda sau da yawa wanki ba ya fitarwa. A wando a duba tsakanin cinyoyi, inda yadi ke sirancewa kafin ya yage, da bakin ƙafa. A ja zif sama da ƙasa sau biyu. A ja robar ƙugu: in ta yi ƙaras-ƙaras ko ta ƙi komawa, ta mutu, domin zaren roba na lalacewa da zafi da shekaru ko ba a sa kayan ba. A sansana. Warin taba da na fumfuna suna iya tsira daga wanki biyu, mai saye kuwa ba ya yafe su.

Abin da ya fi jawo a dawo da tufafi ba tabo ba ne, rashin dacewa da jiki ne. Lambar da ke wuyan riga ba abin dogaro ba ce, saboda awon Amurka daban, na Ingila daban, na sauran Turai daban, kuma kamfani ɗaya ma awonsa na da da na yanzu ba ɗaya ba ne, balle rigar da ta sha wanki ta tsuke. Maganinsa tef ɗin awo. A shimfiɗa rigar a kwance, a auna daga hammata zuwa hammata, daga kafaɗa zuwa ƙasa, da tsawon hannu. A wando a auna ƙugu, da tsawon cikin ƙafa, da daga gaban ƙugu zuwa mahaɗar ƙafafu. A rubuta su a bayani, a ɗauki hoton tef ɗin a kan kayan. Minti biyu ne, amma yana kashe rabin tambayoyi da gardama.

Akwai zaɓi na biyu a cikin tufafi: tsinta ɗaya-ɗaya ko sayen dila. Dila, wadda galibi ke zuwa a kilo 45 ko 55, tana sauko da farashin kowane guda sosai, amma a rufe ake sayenta. Komai darajar da aka rubuta a jikinta, za a samu masu kyau da ke fita da wuri, da matsakaita, da tarin da ba ya ɗaukar hoto. Mai shago ko mai baza kaya yana iya karya farashin na ƙarshen ya rabu da su. Mai sayarwa ta intanet kuwa kowane guda sai ya wanke, ya goge, ya auna, ya ɗauki hoto, ya rubuta bayani, kuma wahalar rigar banza daidai take da ta rigar kirki. A ganina mai farawa ya tsaya a tsinta har sai ya san abin da masu sayensa ke nema.

Haɗari ɗaya da ba a cika faɗa ba shi ne kuɗin cizo. Kayan da aka shigo da su gida kada su kwana kusa da gado ko kujera. A bar su a ƙulle cikin leda har a wanke. Zafin digiri 60 a ma'aunin Celsius na kashe ƙwarin da ƙwansu. Abin da ba ya jure zafi, kamar ulu da siliki, a sa shi a firiza mai sanyin digiri 18 ƙasa da sifili na kwana huɗu.

Raunin tufafi shi ne ribar kowane guda ƙarama ce, sai an tara da yawa, kuma suna bin yanayi. Rigar sanyi da aka saya da zafi za ta zauna watanni.

Takalma da jakunkuna

Ribar guda ɗaya ta fi ta riga, kuma matsalar awo ta ragu, musamman in an auna tsawon shimfiɗar cikin takalmin a santimita an rubuta. Jari matsakaici ne. Nauyin takalmi da kwalinsa yakan kai kilo ɗaya ko ya ɗara, don haka aike ya fi na tufafi tsada amma bai kai na tangaram ba. Sannan tsafta na ƙara musu daraja fiye da kowane kaya: buroshi, sabulu mara ƙarfi, man fata da sabuwar igiya suna iya mayar da takalmin da aka raina abin sha'awa.

Sai dai a nan akwai aibin da ido ba ya gani. Wasu takalman wasanni da na aiki da na hawan dutse ana yin tsakiyar tafinsu da wata irin roba mai kumfa wadda danshin iska ke ci a hankali. Takalmin da ya shekara bakwai ko goma a ajiye yana iya zama fes kamar sabo, a taka shi sau biyu tafin ya ruguje kamar busasshen burodi. Abin mamaki, wanda ba a taɓa sawa ba ya fi shiga wannan hali. Don haka a lanƙwasa takalmin da ƙarfi, a danna tafin da babban yatsa, a murɗa shi. In ya yi danƙo, ko ya tsage, ko gari ya zubo, a ajiye shi komai kyansa. A duba kuma gam ɗin da ya haɗa tafi da sama, da cin dunduniya ta gefe ɗaya, da yagewar cikin baya inda agara ke gogawa. Kuma a tabbatar ƙafa biyun lamba ɗaya ce, domin a shagon gwanjo ana haɗa ƙafafun da ba nasu ba.

A jaka, fatar gaske tana tsufa da kyau, ana iya raya ta. Fatar roba kuwa in ta fara ɓarewa a hannu ko a kusurwa ba ta da magani, kuma tana ci gaba da ɓarewa a ajiye.

Babban haɗarin wannan rukuni jabu ne. Sunayen da suka fi tsada su aka fi kwaikwaya, kuma sayar da jabu ya saɓa ƙa'idar dandali ko da a rashin sani aka yi. Dandali na iya sauke kayan, ya mayar wa mai saye kuɗinsa, ya rufe asusun. Rubuta cewa ba ka da tabbacin na asali ne ba ya wanke ka. Wanda zai shiga nan ya zaɓi kamfani biyu ko uku ya san su ciki da waje: yadda ɗinkinsu yake, rubutun lambar da ke cikin harshen takalmi, nauyin ƙarfen zif. Abin da ya fita daga waɗannan ya bar shi.

Kayan lantarki

Nan ne riba mafi tsoka, nan ne kuma faɗuwa mafi zafi. Waya, kyamara, na'urar wasan bidiyo, lasifika da kwamfutar hannu suna da masu nema kullum, kuma da yake kowanne na da lambar samfuri, gano farashinsa na gaskiya abu ne mai sauƙi. Amma jari na taruwa a kan kaya kaɗan, kuma ba a sanin lafiyarsu sai an kunna.

Mai wannan harka ba ya shiga shago hannu rabbana. Yana tafe da batura, da caja iri biyu ko uku, da abin sauraro, da katin ajiya. In babu inda zai gwada, ya sayi kayan a farashin matacce ko ya haƙura. A waya a duba kulle kafin komai: iPhone da ke ɗaure da asusun iCloud na tsohon mai ita, ko Android da ke neman asusun Google na baya bayan an goge ta, ba ta da amfani sai dai a sayar da sassanta. A danna *#06# a ga lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, a bincika ko an toshe ta saboda sata. A iPhone a duba lafiyar batir, ƙasa da kashi 80 na nufin canji ya gabato, a cire kuɗinsa daga tayi. In bayan waya ya ɗago ko fuskarta ta turo, batir ne ya kumbura, wannan kuwa haɗarin gobara ne a cikin gida.

A duk abin da ke cin ƙananan batura a buɗe mazauninsu. Farin gari a kan ƙarafunan alamar batir ya zube ne. In kaɗan ne, auduga da ɗan ruwan tsami na kanti suna gogewa, in ya ci ƙarfen ya shiga ciki, an makara. A kyamara a haska tocila ta cikin gilashin, zare-zare kamar saƙar gizo fumfuna ce, tana karya farashi ƙwarai. A duba kuma ƙarfin wutar da aka rubuta a jiki: abin da aka ƙera don volt 110 zuwa 120 zai ƙone in aka jona shi a 220 zuwa 240.

Ajiya ba ta yi musu daɗi. Farashin waya na sauka duk lokacin da sabuwa ta fito, batir kuma na lalacewa in aka bar shi a fanko ko a cike, gara a ajiye shi da kusan rabin caji. Batirin litiyam yana da dokokin jigila na musamman, wasu kamfanoni ba sa ɗaukarsa zuwa ƙetare. Sannan nan ne 'yan damfara suka fi yawa: mutum ya karɓi lafiyayya ya dawo da matacciya irinta. Hoton lambar jikin kayan da ɗan bidiyon yana aiki, kafin a rufe kwali, su ne shaidarka. A goge duk bayanan tsohon mai kayan kafin a sayar.

Tangaram da kayan kicin

Waɗannan sukan yi arha a shago saboda masu tsinta da yawa na gudun ɗawainiyarsu. Ba sa tsufa, ba sa bin yayi da sauri, asu da danshi ba su dame su ba. Dubawa ma da sauƙi: a zagaya bakin faranti da yatsa a ji ɓantara, a ƙwanƙwasa shi da farce. Lafiyayye na yin ƙara mai zaƙi, mai tsaga a ɓoye sai ya yi ƙara a dushe. A juya ƙasa a karanta tambarin kamfani, shi ne ke raba abin da masu tarawa ke nema da na yau da kullum. Kaskon baƙin ƙarfe tsatsa ba ta kashe shi, ana kankarewa a shafe shi da mai a gasa, amma tsaga ko rawa a kan shimfiɗaɗɗen wuri sun kashe shi. Tukunyar da ba ta kamu, in rufinta na ciki ya kankare, a bar ta. Wasu tsofaffin kwanuka masu fenti na ɗauke da dalma, irin waɗannan a sayar da su a matsayin kayan ado.

Duk wahalar tana wajen aike. Kowane guda a naɗe shi daban, a cika cikinsa da takarda, a sa a kwali, a sa kwalin cikin wani da tazarar santimita 5 ta kowane gefe cike da abin tare bugu. In ka girgiza ka ji motsi, ba ka gama ba. Wannan ninkin kwali ne ke kumbura lissafin girma, har kuɗin aike ya zarce kuɗin kayan. Shi ya sa rukunin ya fi dacewa da ciniki hannu da hannu, ko ƙananan abubuwa masu daraja kamar kofi ɗaya da ake nema ko murfin da ya ɓace wa wani.

Littattafai

Su ne mafi sauƙin bincike: lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, mai lamba 10 a tsofaffi da 13 tun daga 2007, tana fito da farashi cikin daƙiƙa. Ba sa fashewa, ba a cika dawo da su ba. Amma mafi yawansu ba su kai kuɗin aikensu ba, kuma littafin karatu na mutuwa da zarar sabon bugu ya fito. Ribar na cikin na fannoni na musamman da waɗanda aka daina bugawa, su kuma suna iya shekara kafin mai nemansu ya zo.

Ga kwatancen rukunan a taƙaice:

Kaya | Jari | Duba aibi | Aike | Ajiya | Babban haɗari
Tufafi | kaɗan | mai sauƙi | arha | mai kyau in babu danshi | rashin dacewa, kwantai
Takalma da jaka | matsakaici | sai da sani | matsakaici | roba na lalacewa | jabu, tafi mai rugujewa
Kayan lantarki | mai yawa | sai da gwaji | akwai dokar batir | farashi na sauka | kulle, damfara
Tangaram | kaɗan | mai sauƙi | tsada | sai wuri mai faɗi | fashewa a hanya
Littattafai | kaɗan | mafi sauƙi | nauyi | danshi da gara | jinkirin fita

Akwai kayan da bai kamata a taɓa ba komai arharsu: kujerar jariri ta mota, hular kwano, tsohon gadon jariri, kayan kwalliyar da aka buɗe. Hular da ta taɓa buguwa tana iya zama lafiya a ido alhali cikinta ya mutu, kuma ran mutum ne a kai.

Wa ya dace da wanne

Mai ƙaramin jari da ɗaki ɗaya, wanda ke da lokaci da haƙurin guga da awo, ya fara da tufafi, amma ya ƙuntata: wandon jins kaɗai, ko kayan yara, ko rigunan sanyi. Guda ashirin sun isa gwaji, kuma kada ya ƙaro sai rabi sun fita.

Mai aikin yi wanda sa'o'i kaɗan yake samu a mako ya fi dacewa da takalma da jakunkuna, domin guda biyar na iya kawo abin da riguna ashirin za su kawo, da sharaɗin ya zauna ya koyi kamfanonin da ya zaɓa.

Kayan lantarki na wanda ya riga ya iya kwance waya ko canza batir ne, kuma yake da jarin da mutuwar kaya ɗaya ba za ta durƙusar da shi ba. Wanda bai kai nan ba amma ransa na wurin, ya soma da ƙananan abubuwa masu saurin gwaji, kamar rimot, caja ta asali da hannun wasan bidiyo.

Mai fili a gida da ke zaune inda masu saye za su iya zuwa su ɗauka da kansu, tangaram da kayan kicin za su yi masa, tunda ya kauce wa dako da fashewa gaba ɗaya. Littattafai kuma su zama ƙari a gefen wani rukunin, ga wanda ya san wani fanni sosai kuma yake da kanta a busasshen wuri, nesa da bango da ƙasa.